Yadda ake duba mota ta hannu kafin a ƙirga kuɗi

Motar da na fara saya Carina E ce, ja, ƙirar 1996. Bayan la'asar na je ganinta a wata rumfa a unguwar Yelwa, nan Garwa. An wanke ta tas har cikin inji, tayoyi sai sheƙi suke, dillali ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Kwana tara da biyan kuɗi muka kama hanyar Ngaundare ni da iyali. Mun wuce Mbe, mun fara hawan dutsen nan da direbobi ke kira falez, sai allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe bonet. Dattijon makaniken da aka kira mana ya leƙa lagireto, ya shinshina, ya dube ni.

"Alhaji, da safe ka je ganin motar nan ko da yamma?"

Na ce, "Da yamma, Baba."

Ya ce, "To ai shi ke nan. An riga an ɗumama maka ita."

Gaskit ɗin kan inji, wanda makanikanmu ke kira juwan kulas, ya ƙone tun kafin in saya. An zuba garin toshe yoyo a lagireto don ta kai 'yan kwanaki. Abin da zan jero a ƙasa daga bakin irin wannan dattijo na tsinto shi, da kuma motoci huɗu da na raka 'yan'uwa saye bayan haka.

Shirin fita

Ka sa lokaci da mai mota da sassafe, kafin ƙarfe takwas, ka kuma gaya masa kada a tayar da ita sai ka iso. Da isarka ka ɗora bayan hannu a kan inji. In da ɗumi, ka yi sallama ka ce gobe ka dawo. Inji mai sanyi ne ke tona wahalar tashi da hayaƙi da ƙarar ƙarafa. In ya yi zafi duk sai su lafa.

Ka tafi da makanikenka, wanda zai ci gaba da gyaran motar in ka saya. Wanda dillali ya kawo, kome kirkinsa, da rabonsa a la'ada. Ka yanka wa naka kuɗin aikinsa tun daga gida, ka ce masa ko an saya ko ba a saya ba wannan nasa ne, don kada ya matsu a yi ciniki. A aljihu ka riƙe tocila, farin ƙyalle, da ƙaramin maganaɗisu irin na cikin tsohuwar sifika. Ka ɗauki kwali ko tsohuwar tabarma ta kwanciya ƙarƙashin mota, ka kuma bar babbar riga a gida.

Abu ɗaya kan zaɓi: ka sayi motar da kayan gyaranta ke kasuwar garinku. Corolla da Carina da Hilux ba don kyau suka cika titunanmu ba, don ko a Gidar ko Kaele ka lalace za a samo maka abin da ya karye. Motar da sai an aika Duwala neman ɗan ƙaramin ƙarfe, za ta fi daɗewa a gindin dalbejiya fiye da kan titi.

Takardu tukuna

Kada ka buɗe bonet sai ka ga takardu, don in ka fara son mota ido yakan rufe.

Motocin da ke kasuwarmu iri uku ne. Akwai okaziyon ɗin Turai, wato na hannu, da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala a hayo da su arewa. Akwai waɗanda ke shigowa ta Najeriya, ta wajen Yola ko Mubi, da yawansu asalinsu daga Kwatano. Sai waɗanda aka yi amfani da su nan gida, masu lambar NO ta Arewa, EN ta Arewa Mai Nisa, AD ta Adamawa, ko LT da CE na kudu. Kowace da inda take cizo. Ta Najeriya ita ta fi arha a baki, amma in ba a biya mata duwan, wato kuɗin kwastan, na Kamaru ba, arhar nan ta ƙare ranar da aka tsare ka a shinge. Takardar wucewa ta ɗan lokaci da ake ba motar baƙo a kan iyaka ba ita ce shaidar biyan duwan ba, kome dillali zai faɗa. Haka abin yake ga mai son tsallaka gadar Ngeli da mota daga Kusuri zuwa Njamena ko ya shigo da ita daga can: ka san nawa duwan zai ci kafin ka yi tayi.

Ka karɓi kart giriz, wato takardar rajistar mota, ta asali a hannunka, ba hotonta ba. A cikinta akwai lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ga yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, kuma ba a sa harafin I ko O ko Q a ciki. Ka nemo lambar a jikin mota: a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, a jikin ginshiƙin ƙofa, da kuma inda aka buga ta a ƙarfe, galibi a bangon da ya raba inji da cikin mota ko a ƙasa kusa da kujerar gaba. A Hilux da Land Cruiser tana jikin shasi ta wajen tayar gaba. Ka karanta ɗaya bayan ɗaya, makanike yana riƙe da takarda. Ka shafa wurin da yatsa. In akwai alamar walda kewaye da lambar, ko an kankare, ko sabon fenti a wurin kaɗai, ka miƙa takarda ka yi godiya. Wannan ba abin ragi ba ne, maganar jandarma ce.

Sannan ka gwada sunan da ke kart giriz da katin shaidar mai sayarwa. Sau da yawa ba za su zo ɗaya ba, don mutanenmu ba su cika sauya suna ba in sun sayi mota. To a nuna maka takardun cinikin da suka gabata, daga mai sunan har zuwa wanda ke gabanka. In motar gado ce, ka ji daga bakin magada, kada ka tsaya kan maganar ɗa ɗaya. Ka duba asirans, wato inshora, da bizit teknik, takardar gwajin lafiyar mota, su ma, ko da sun ƙare, don tsofaffin takardu kan nuna inda motar ta zauna.

Jiki da ƙarƙashi

A fito da motar fili, cikin hasken rana. Ka tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefenta a tsaye har baya. Inda aka yi gyara, haske kan karye, fenti ya yi gargada kamar ɓawon lemo. Ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin bonet da gefensa: hagu da dama su zo daidai. Ka naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin da shi. Inda ya ƙi kamawa, mastik aka cika. Ka buɗe bonet ka kalli kusoshin da suka riƙe gefen gaba. In fentin kansu ya ɓare, an taɓa kwance su. Kowane gilashi yana da tambarin kamfani a kusurwa, wanda ya fita daban an sauya shi.

Ƙaramin gyara ba ya hana ciniki. Motar da ta yi shekara biyu a cikin 'yan mashin ɗin Garwa ko Marwa ba ta rasa tabo. Abin gudu shi ne bugun da ya kai ga ƙashin mota. Ka haska tocila a kan ƙarafan nan biyu da suka miƙe daga gaba suka ɗauki inji. In akwai lanƙwasa ko walda ko alamar guduma, motar ba za ta ƙara tafiya sak ba, za ta yi ta cin taya har ka gaji. Ka ɗaga shimfiɗar but, ka fitar da safaya, ka duba ramin ta.

Sai kwanciya. In da rami a gareji kusa, ya fi. Motar Turai tsatsa ce ciwonta, saboda gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Ka ƙwanƙwasa ƙasan ƙofofi da inda ƙafafun baya suka kama jiki da bakin sukudireba. Tsatsar sama ba komai, amma in ƙarfe yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ka haƙura. Baƙin kwalta sabo da aka shafe ƙarƙashi da shi, ka tambayi abin da aka rufe. Motar gida kuwa duka take sha daga ƙasa: ka duba kaskon baƙin mai ko ya lotsa, robobin da suka rufe mahaɗar aksil ko sun yage suna fesa giris, shokozoba ko tana tsiyaya. Ka bi salansa da ido. A tsakiyarta akwai wani tulu mai tace hayaƙi, katalizar, wanda ake farkewa a kwashe cikinsa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki irin su filatinam. Sabuwar walda a jikin tulun ita ce shaida.

Akwai kuma abin da shekarun nan suka ƙara mana. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun shanye unguwanni a Njamena da Kusuri da Yagwa, kuma motocin da suka kwana a ruwa ba su ɓace ba, an shanya su an kai kasuwa. Ka rufe gilasai ka zauna ciki minti ɗaya ka shaƙa. Warin rima, ko turare mai yawan da ya wuce misali, abin lura ne. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko da layin laka. Ka haska ƙarƙashin kujera, ƙarafan wurin ba su da dalilin yin tsatsa. Ka sa yatsa a lungun akwatin fiyus ka ga ko zai fito da busasshen taɓo. Motar da ta sha ruwa wutarta ba ta ƙara zama lafiya. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar kasuwa.

Inji, tun yana sanyi

Nan ne za ka daɗe. Injin da aka wanke fes bai burge ni ba tun daga Carina. Na fi son in same shi da ƙurarsa, don ƙura ce ke nuna inda mai ke tsatsafowa.

Ka zaro sandar awon baƙin mai, ka goge a farin ƙyalle, ka mayar ka sake zarowa. Baƙi ba laifi ba ne, balle a injin gazuwal, wato dizal. Laifi shi ne mai da ya koma kalar shayi da madara, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko mai kauri kamar zuma, wanda akan zuba don a danne ƙara da hayaƙi. Ka kwance murfin zuba mai ka juya shi. Farin kumfa mai kama da kindirmo yana nufin ruwa na haɗuwa da mai. Ka leƙa ramin da tocila: baƙin dasƙararren datti alama ce ta mai gidan da ba ya juyen mai a kan lokaci.

Ka buɗe murfin lagireto, yanzu da yake sanyi. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, mutane da yawa sun toye fuska a haka. Ruwan ya kasance kore ko ja ko ruwan hoda. Ruwan rijiya mai jan tsatsa yana gaya maka cikin injin ma haka yake. In mai na yawo a samansa, magana ta ƙare. Ka bar murfin a buɗe a tayar da mota, ka zuba ido minti biyu ko uku. Kumfa ɗaya biyu ba komai. In kuwa yana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, yana ƙaruwa in an taka totur, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa. Abin da ya kwantar da ni a falez ke nan, kuma da na san wannan gwajin da minti uku sun ishe ni.

Ka tambaya ko an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji. Makanikai da yawa na cire shi, wai ƙasarmu da zafi ba a bukatarsa, su haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Wani lokaci al'ada ce kawai, wani lokaci kuma ɓoye ciwon zafi ake yi. In fanka ta tashi tare da murɗa makulli alhali inji na sanyi, ka ninka bincike a kan ruwa.

Ka buɗe akwatin matatar iska. Ƙura a jikin matata dole ce a ƙasar da ake hunturu. Amma ka sa yatsa a cikin bututun da ke bayan matatar, wanda ya nufi inji. In ka taɓo ƙura a can, injin ya daɗe yana shaƙar yashi. Ka kuma tambayi makanike ko injin mai bel ne ko mai sarƙa. Tsofaffin Corolla da Carina da yawancin Hilux na gazuwal bel ne, kuma yana da wa'adin sauyawa. In ba wanda ya san ranar da aka sauya, ka sa kuɗinsa a lissafi.

Kafin a tayar, ka murɗa makulli rabi ka kalli dashbod. Fitilar inji, ta mai, ta batir, ta ABS da ta jakar iska duk su kama, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta da baƙin salatif. Yawancin motocin fetur na Turai daga 2001, da na Amurka daga 1996, suna da wurin jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari, kuma yanzu ba a rasa mai na'urar a manyan garuruwanmu. Kuɗin da zai karɓa bai kai na taya ɗaya ba.

Ka tsaya a baya lokacin da za a tayar. Shuɗin hayaƙi, inji na shan baƙin mai. Baƙi, mai ya yi yawa ko nozul sun gaji. Fari mai kauri da ba ya washewa bayan inji ya ɗumama, ruwa yake ƙonawa. Sannan ka dawo gaba ka saurara. 'Yar ƙarar caf-caf ta daƙiƙa biyu da ke ɓacewa ba ta da tsoro. Bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar ana daka a gidan maƙwabta, wannan sauke inji ne. Motar da ta daɗe tana shan zuwa-zuwa, man nan na kwalba da jarka da ake sayarwa bakin titi, takan yi rawa a tsaye ko ta shaƙe in an taka, saboda datti da ruwa da ke kashe famfon mai. In makanike na da mita, batir mai lafiya kan nuna wajen 12.6 a kashe, ya hau kusan 14 in inji na aiki.

Daga nan ka kunna na'urar sanyi, ka kunna fitilu, ka bar motar a tsaye cikin rana minti ashirin. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, motar da ba ta jure wannan tsayuwar ba za ta jure cunkoson babbar kasuwa ba. Allura ta tsaya a tsakiya ko ƙasa kaɗan, fanka ta riƙa tashi tana tsayawa da kanta.

Kilomita da tayoyi

Lambar da ke agogon kilomita ita ce abin da na fi rainawa a jikin mota, don juya ta baya ba wuya. Ka dubi robar feda, da santsin sitiyari, da gefen kujerar direba. In agogo na cewa 90,000 amma robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, ka yarda da robar. Motocin Turai kan zo da 'yar takardar juyen mai manne a ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet, da kwanan wata da kilomita. Masu juya agogo kan manta da ita.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Taya mai shekara shida ko fiye, ko da zanenta na nan, kwaltar Afrilu na iya fasa ta. Mai hoton ƙanƙara a gefe ta lokacin sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, nan da nan take cinyewa a nan. Tayar da ta ci gefe ɗaya kuma tana ba da labarin ƙafar mota ne.

Tuƙi

Zagaye ɗaya a unguwa ba gwaji ba ne. Ka sa mai da kuɗinka, ka kashe rediyo, ka ɗauki hanyar Pitowa ka dawo, sannan ka shiga layin da ba kwalta. In mai mota ya ce sauri yake, ka ce ba komai, sai ya samu lokaci.

Mai giyar hannu: ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. Ya kamata ta mutu nan take. In inji ya ci gaba da juyawa, kuloci ya ƙare. Mai giyar otomatik: ka taka birki, ka sa D, ka sa R, ta karɓa ba jinkiri ba zabura. In tana da sandar awon man giya, ka shinshina, warin ƙuna mugun labari ne, kuma gyaran irin wannan giya a arewa ba kowa ya iya ba. A fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka yi da'ira hagu da dama. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba mahaɗar aksil ce. A miƙaƙƙen titi ka sassauta hannu ka ga ko tana ja gefe. Ka kai 80 ko 90 ka ji ko sitiyari na rawa, ko akwai gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, wanda yawanci boris ɗin taya ne. Inda ba kowa a bayanka ka taka birki da ƙarfi sau ɗaya. A kan gargada ka kasa kunne ga ƙwal-ƙwal na ƙafafu. Mai Hilux ko RAV4 ya nemi yashi ya tabbatar duk ƙafafun huɗu na ja, don akwai waɗanda aka cire musu sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafa biyu aka yi shiru.

Da kun dawo ka ajiye ta a wuri mai tsabta, ka bar ta tana aiki minti biyar, ka matsar da ita ka dubi ƙasa. Ruwa fari daga na'urar sanyi ba komai. Sauran ɗigo duka ka san daga ina suke.

Ciniki da biya

Ku koma gefe kai da makanike, ku rubuta duk abin da kuka gani da kuɗin gyaransa. Da wannan takardar ake ciniki. "Alhaji, rage mini don Allah" ba ya sauke farashi kamar "tayoyi huɗu na 2017 ne, kuloci ya tafi, ga lissafi." Za ka ji an ce wani na zuwa da kuɗi daga Marwa yau da yamma. Ka ce Allah ya ba mai rabo. Ku kuma yanke maganar la'ada tun kafin a sallama: nawa ce, wa zai biya.

Kada ka kashe duk abin da ke hannunka a kan sayen. Ka ware na sauya suna a kart giriz, na asirans, na bizit teknik, da na gyaran farko. A rubuta takardar ciniki da lambar shasi cikakkiya, da farashi, da lambar katin shaidar kowa, da shaidu biyu, a kai kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga hatimi, mai mota na tsaye da ƙafarsa. A nan ake miƙa kuɗi, a karɓi kart giriz ta asali da makulli, har da na ajiya in akwai. Ka duba jak da abin kwance taya suna cikin but kafin ku rabu, don sukan yi ƙafa tsakanin sallamawa da biya.

Daga kwamisariya gareji za ka wuce, ba gida ba. A juye baƙin mai, a sauya matatar mai da ta iska da ta fetur, a wanke lagireto a zuba ruwansa na gaskiya, a mayar da tamostat in an cire. Ka yi mako biyu kana yawo da ita cikin gari, kana duba ruwa da mai kowace safiya kafin ka tayar, sannan ka ɗebi iyali ka nufi falez.